Lambar da Ta Gagari Rabo

Ranar 12 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wata kwamfuta a birnin San Antoniyo na ƙasar Amurka ta kammala wani dogon lissafi, ta tabbatar da samuwar wata lamba wadda, a cikin jinsin lambobin da ba sa rabuwa, ɗan Adam bai taɓa sanin mai girmanta ba kafin wannan rana. Na san mai karatu zai ce, to ke da muka sani da labarin uwargida da amarya da saurayin da aka hana wa aure, me ya haɗa ki da lissafi? Ka yi haƙuri ka biyo ni sannu a hankali, domin kuwa akwai wata ƙaramar 'yar uwar wannan lamba da ta taɓa shigowa gidanmu, kuma ita da ba ta rabuwa saura kaɗan ta raba mu.

Bari mu fara da girmanta, don shi ne ya fara ɗaure mini kai. Lambar wayarka gurbi 11 gare ta. Miliyan ɗaya gurbi 7 ne. Ita kuwa wannan gurbi 41,024,320 gare ta, ta fara da 881 ta ƙare da 551. Na zauna na auna ta da ma'aunin sana'ata. In shafin littafi zai ɗauki gurbi 2,000, to za ta cinye shafi sama da 20,500, wato littafi 205 masu shafi ɗari-ɗari. Mu da ake yi wa tsiya wai muna jan labari daga na ɗaya har zuwa na huɗu don cin kuɗin mai karatu, ga lamba guda mai na ɗari biyu da biyar. In ka ce karanta ta za ka yi, gurbi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba sha ba barci, sai ka yi kwana 475 kana abu ɗaya. In kuwa rubuta ta za ka yi a layi guda da ƙananan rubutu, kowane gurbi milimita biyu, tsawonta kilomita 82 ne: ka faro daga cikin Kano ka bi titin Zariya, ka wuce Kura da Kadawa, ka iso nan Tiga, kuma da sauran lamba a hannunka.

Akwai ma'aunin da ya fi wannan sa ni yin shiru. Madatsar ruwanmu ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, in ta cika tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, wato lita tiriliyan biyu. A ce kowace lita ɗigo 20,000 ce. Da za ka ƙirga ruwan nan kaf ɗigo-ɗigo, wanda muka tashi muna kallo ba ma hango ɗaya gaɓar, lambar da za ka samu gurbi 17 kacal gare ta.

To mece ce lambar da ba ta rabuwa? Malamin lissafinmu a sakandare “firaim namba” yake ce mata, ya rubuta ma'anarta a allo, muka haddace don jarrabawa, muka wuce. Ni dai na raɗa mata suna gagara-rabo. Ka je bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta suke fitowa. In karfasa 12 aka kamo, rabo ba gardama: mutum biyu shida-shida, mutum uku hurhuɗu, mutum huɗu uku-uku, mutum shida bibbiyu. Amma in 13 ce, duk yadda aka kasa sai an bar saura. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a nemo mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irinsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka har gaba. Guda 25 ne a ƙasa da ɗari, 168 a ƙasa da dubu. Ba a lissafa 1 a cikinsu, kuma 2 ce kaɗai shafa'i, sauran duk wutiri ne. Duk wata lamba da ta rage da su aka gina ta, kuma hanya ɗaya tak ake gina ta: 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, babu wani tubalin da zai ba ka 60 in ba waɗannan ba.

Tamu 19 ce. Mahaifinmu ya rasu a 2013, Allah Ya jiƙansa, ya bar mata uku da 'ya'ya maza bakwai da mu mata biyar. Iyayensa sun riga shi. Abin da ya bari fadama ce da ake noman rani, da gonar tudu, da 'yan shanu, da gida. Sumuni na iyayenmu mata ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran bakwai ɗin namu ne, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Maza bakwai kai 14 ke nan, a haɗa da mu biyar, kai 19.

Tun kafin a kira malami aka fara ƙananan maganganu a tsakar gida, wai 19 ba ta rabuwa, fadamar ma in aka tsattsaga ta haka lalacewa za ta yi. Sai babban wanmu ya kawo shawara, a cike ta ta zama 20 don lissafi ya yi sauƙi, kason da aka ƙara ya zama nasa tunda shi ya yi ɗawainiyar asibiti. Ba zan zalunce shi ba, ya yi ɗawainiyar, kowa shaida ne. Amma kowane ɗayanmu da an yi haka ya rasa kashi ɗaya cikin ashirin na haƙƙinsa, kuma ƙannena mata biyu da suke gidan miji a ƙauye ba su ma san ana maganar ba. Daga bayan labule na ce, “Yaya, a bari dai Malam ya zo.” Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Malamin da aka ɗauko tsoho ne daga wajen Bebeji, bai taɓa zama a ajin boko ba. Da aka karanta masa shawarar sai ya ce, “Alhaji, in kana bin mamaci bashin magani, faɗi nawa ne a biya ka kafin a taɓa komai, wannan haƙƙinka ne. Amma kai na ashirin, wa ya haife shi?” Aka yi dariya, shi ma Yaya ya yi 'yar yaƙe. Sai Malam ya jawo takarda. Ya ce asalin mas'ala 8 ne. Kaso ɗaya a kan mata uku bai rabu ba, kaso bakwai a kan kai 19 bai rabu ba. Ya dubi 3 da 19 ya ce babu inda suka haɗu, don haka ya buga su ya samu 57, ya sake buga 57 a cikin 8 ya samu 456. Ya ce dukiyar nan kaso 456 ce: kowace mata 19, kowace 'ya 21, kowane ɗa 42. Ka tara da kanka ka gani, ko ƙwaya ba ta saura. Daga nan aka yi wa komai kuɗi, wanda yake son ƙasa ya ɗauki ƙasa, wanda ya haura kasonsa ya yi ciko.

Ni ce na kasa haƙuri, da aka watse na aika a tambayar mini shi, na tsaya a bakin zaure na ce, “Allah gafarta Malam, me ya sa lissafin ya yi tsawo haka?” Ya ce, “'Yata, kurma kuka samu.” Ya yi mini bayani cewa Larabci yana da suna guda ga rabi da sulusi da rubu'i har zuwa ushiri, amma irin su 11 da 13 da 19 ba su da shi, sai dai a ce kashi ɗaya daga kaza, shi ya sa malamai suke kiransu asammu, wato kurame. Ya ce duk lambobi biyu da aka jera, ɗayan huɗu ne tsakaninsu. Ko su zama iri ɗaya kamar 3 da 3, shi ne tamasuli. Ko ƙaramar ta shige cikin babbar kamar 3 da 6, shi ne tadahuli. Ko su haɗu a wani wuri kamar 4 da 6 da suka haɗu a 2, shi ne tawafuƙi. Ko kuma su zama ba dangin iya ba na baba kamar 3 da 19, shi ne tabayuni. A ukun farko ana samun rangwame, a na huɗun babu, dole a buga su gaba ɗaya. Gagara-rabo kuwa da duk lambar da ba ninkinta ba tabayuni ne tsakaninsu. Har ya yi mini barkwanci, wai da babu ɗaya daga cikinmu mata da kai 18 ne, 3 ta shige ciki, 144 ta wadatar, don haka in ina neman wanda ya tsawaita lissafi in duba madubi.

Daga baya na lura da wani abu a cikin ilimin nan da ya burge ni. Kasonnin da aka yanka a Suratun Nisa'i shida ne, rabi da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi, kuma dukkansu da 2 da 3 kaɗai aka gina su. Shi ya sa asalin mas'ala ba ya wuce 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Manyan gagara-rabo ta ƙofa biyu suke shigowa: ta yawan kawunan magada kamar yadda tamu ta shigo, ko ta auli, wato in kasonni suka fi ƙarfin asali. Mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu: a cikin 12 miji yana da 3, uwa 2, 'ya'ya 8, jimla 13, sai a mayar da asalin 13 kowa ya ɗan ragu daidai gwargwado. Akwai ma wata shahararriya da ake kira Ummul Aramili: mutum ya bar mata uku, kakanni mata biyu, 'yan uwa mata huɗu da suka haɗa uwa, da shaƙiƙai mata takwas. Mas'alar ta tashi daga 12 ta koma 17, magadan kuma mata 17 ne cif, kowacce ta tashi da kaso ɗaya. Wallahi wannan kaɗai ya isa littafi mai na ɗaya da na biyu.

Na sha jin an ce wa mata a yankinmu, daga Kiru har Tudun Wada, gona ba ta rabuwa, ku karɓi ɗan abin da aka ba ku ku yi shiru. Wani lokaci gaskiya ne gonar ta yi ƙanƙanta. Amma sau da yawa lissafin ne ba a so a yi, kuma wadda za ta nemi a yi shi an riga an cusa mata tun tana aji uku cewa lissafi ba na mata ba ne, ba ma na Bahaushe ba ne. Abin haushin, abin da malamin boko yake koyarwa da sunan neman lambar da ta raba lambobi biyu, shi ne dai tawafuƙi da tabayunin malamin zaure, amma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci ɗaya ba. Alhali Alhawarizmi, wanda daga littafinsa na wajen shekarar 820 a Bagadaza aka samo sunan aljabara, kaso mai yawa na littafin nan a kan wasiyya da gado ya yi shi. Ibnul Banna na Marakish, wanda ya rasu a 1321, ya yi bayanin rariyar da ake tace gagara-rabo da ita, ya kuma lura cewa ba sai an gwada duk lambobi ba: in kana shakkar 97, ka gwada 2 da 3 da 5 da 7 ka tsaya, domin 11 sau 11 ta riga ta wuce ta. Mu ma nan muna da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda a 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, irin wanda ta duk inda ka tara lambobinsa jimla ɗaya za ka samu. A Alƙahira ya rasu a 1741.

Tunda sana'ata soyayya ce, ba zan wuce ban faɗi wannan ba. Akwai lambobin da Larabawa suke kira masoya, 220 da 284. Ka tara duk ƙananan lambobin da suke raba 220, za ka samu 284. Ka tara masu raba 284, wato 1 da 2 da 4 da 71 da 142, za ka samu 220. Kowacce cikinta cike yake da 'yar uwarta. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya gano cewa daga gagara-rabo uku ake ƙera irinsu, a nan 5 da 11 da 71. Ibnu Haldun ya ambaci yadda masu tsubbu suke amfani da su wajen haɗa soyayya. Ni dai ban ba kowa shawara ba.

Mu koma kan ƙatuwar. Tambayar farko ita ce, shin gagara-rabo suna ƙarewa? Yuklid ya amsa ta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da hujjar da ɗan firamare zai gane. A ce wani ya zo da jeri ya ce su ke nan. Ka buga su duka a cikin juna, ka ƙara 1. Sabuwar lambar duk wadda ka raba ta da ita a cikin jerin nan sai 1 ta yi saura. Ke nan ko ita kanta gagara-rabo ce, ko akwai wata da take raba ta wadda ba ta cikin jerin. Misali 2 sau 3 sau 5 sau 7 a ƙara 1 ya ba da 211, sabuwa ce fil. In ka haɗa da 11 da 13 za ka samu 30,031, wadda take rabuwa, amma 59 da 509 ne suka raba ta, su ma baƙi ne. Don haka babu wata mafi girma. Akwai dai mafi girman da aka gano.

Ita wadda aka gano ɗin daga wani gida na musamman ta fito. Ka ɗauka wata mata ta buɗe asusu, ranar farko ta jefa naira 1, ta biyu naira 2, ta uku 4, ta huɗu 8, kullum ninkin na jiya. Bayan kwana biyu tana da 3, kwana uku 7, kwana huɗu 15, kwana biyar 31, kwana shida 63, kwana bakwai 127. Kullum abin da ke cikin asusun shi ne abin da za ta jefa gobe, ba naira ɗaya. Dubi kwana 2 da 3 da 5 da 7: sun ba da 3 da 7 da 31 da 127, duk gagara-rabo. Kwana 4 da 6 kuwa sun ba da masu rabuwa, kuma da dalili. In kwanakin suna kasuwa, kuɗin ma sai ya kasu. Kasa kwana shida bibbiyu: 1 da 2 sun ba da 3, 4 da 8 sun ba da 12, 16 da 32 sun ba da 48, kowane kashi 3 tana raba shi, don haka dole ta raba jimlar. Ke nan in ana son kuɗin asusun ya gagari rabo, tilas kwanakin su fara gagara.

In matar nan ta jure wata mai kwana 31, za ta fasa asusu ta tarar da naira 2,147,483,647, ta ɗan haura yawan kubik mitar ruwan Tiga. Wannan gagara-rabo ce, kuma Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772, lokacin idonsa ya riga ya tafi. Sai dai kada ka ce ka kama bakin zaren. Kwana 11 ba ya rabuwa, amma kuɗinsa 2,047 ne, wato 23 sau 89. Wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda sunansa irin waɗannan lambobi suke amsawa har yau, ya fitar da jerin waɗanda yake ganin ba sa rabuwa a 1644, ya sa ta kwana 67 a ciki. A 1903 Frank Nelson Cole ya zo taron masana lissafi a Niyok da lambobi biyu, 193,707,721 da 761,838,257,287, waɗanda in an buga su ita suke bayarwa. Ana ba da labarin bai ce uffan ba, ya yi lissafin a allo ya koma ya zauna, daga baya ya ce Lahadin shekara uku ya kashe yana nema.

Zuwa 2024, guda 52 kaɗai aka sani a wannan gida, kuma ta 52 ɗin ita ce tamu: asusun kwana 136,279,841, sama da shekara dubu 370 ke nan ana ninkawa. Ko gidan yana ƙarewa ko ba ya ƙarewa, babu wanda ya kawo hujja tukuna. Kowacce a cikinsu kuma tana haifar da abin da ake kira cikakkiyar lamba, wadda masu raba ta in an tara su ita suke bayarwa, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7 da 14. Daga 3 aka samu 6, daga 7 aka samu 28, daga 31 aka samu 496. Ta ƙatuwar nan gurbinta ya haura miliyan 82.

To ta yaya aka san ba ta rabuwa? Gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba ko da rangwamen Ibnul Banna, ko da kuwa kowane ɗigon ruwan Tiga kwamfuta ne. Dabarar ta wani Bafaranshe ce, Edouard Lucas, wanda a 1876 ya tabbatar da ta kwana 127 mai gurbi 39 da hannunsa, sannan Derrick Lehmer ya gyara ta a 1930. Ka fara da 4, ka buga ta a cikin kanta ka cire 2. In abin ya wuce lambar da kake gwadawa, ka yi ta zare ta ka riƙe saura. Ka maimaita sau yawan kwanakin, ba biyu. In ka ƙare a sifili, gagara-rabo ce. Gwada da 31, asusun kwana biyar, zagaye uku ke nan. 4 sau 4 ba 2, 14. 14 sau 14 ba 2, 194, a zare 31 sau shida saura 8. 8 sau 8 ba 2, 62, wato 31 biyu cif, saura sifili. Na yi wannan a bayan takardar wani babi da nake rubutawa, kuma da sifilin nan ya fito sai da tsigar jikina ta tashi. Ita ƙatuwar zagaye 136,279,839 aka yi mata, a kowane zagaye ana buga lamba mai gurbi miliyoyi a cikin kanta. Wanda ya gano ta, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne, ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe 17, yana aiki da manhajar wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna GIMPS da George Woltman ya kafa a 1996.

Wani abin mamaki game da gwajin nan, in bai ƙare a sifili ba yana gaya maka lambar tana rabuwa, amma ba ya gaya maka wa yake raba ta. Kamar shaidan da ya rantse an yi sata amma bai ga fuskar ɓarawo ba. Asusun kwana 1,277 an daɗe da sanin yana rabuwa, amma har zuwa 2024 ba a samo ko ɗaya daga masu raba shi ba. A kan wannan giɓi, tsakanin sauƙin bugawa da wuyar warwarewa, aka rataye kuɗin mutane. In na ce ka buga 23 da 89, minti ɗaya ya ishe ka. In na ba ka 2,047 na ce nemo waɗanda suka haife ta, sai ka yi gumi. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mayar da wannan kwaɗo: a ɗauki manyan gagara-rabo biyu a ɓoye, a buga su, a bayyana wa duniya sakamakon, wanda a yau yakan kai gurbi 617. Kowa zai iya kullewa da shi, amma sai mai riƙe da iyayen biyu zai buɗe. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin katin cirar kuɗinka da irin wannan lissafi yake shaida wa na'ura cewa shi ba jabu ba ne. Babu wanda ya tabbatar da hujja cewa gajeriyar hanyar warwarewa ba ta wanzu, kuma tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa wata irin sabuwar kwamfuta, in an iya ƙera babbarta, za ta iya. Shi ya sa a watan Agusta na 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin kwaɗuna da ba su dogara da wannan ba.

Wannan ya shafe ni kai tsaye. Da can littafinmu a kasuwar Sabon Gari yake kwana, dillali ya biya ka in ya ga dama. Yanzu yawancin masu karatuna ta banki suke turo kuɗi, ni kuma in tura musu babi ta WhatsApp. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, har mai kifi a bakin ruwa da mai tumatir a Kwanar Gafan sai da suka koyi cewa “turo ta waya”. Shi kuwa WhatsApp, kullen da ya gama sa wa saƙonni a 2016 wani salo ne daban, amma shi ma a kan gagara-rabo guda yake zaune, mai gurbi 77: abin da matar asusu za ta jefa a rana ta 256, a cire 19. Da na ga 19 ɗin nan sai da na yi dariya ni kaɗai.

Ita dai ƙatuwar ba ta gadin kuɗin kowa. Ta yi girma da yawa, kuma duniya duk ta san ta, ba ta ɓoyuwa. Rahotanni sun ce Durant ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa, ladan da ƙungiyar take bayarwa kuwa dala 3,000 ne. Wata gidauniya a Amurka ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai gurbi miliyan 100. Da irin ƙananan rubutun nan na milimita biyu, wannan kilomita 200 za ta ci, ta baro Kano, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, ta shige ƙasar Doguwa.